Sallama a Ƙofa ta Sha Tara

Ƙarfe biyu da kwata na dare a Valparaíso.
Hazo ya gangaro daga tuddai ya kwanta kan jiragen ruwa.
A bakin tasha manyan motoci sun ja layi, maƙare da inabi,
direbobi sun kashe inji suna jiran takardar wucewa.
Takardar tana cikin rumbun ajiya,
rumbun ga shi nan, taku huɗu daga inda na durƙusa,
amma sabar tasha ta ce ba ta san da zamansa ba.

Ɗakin nan ko ruwan randa albarka.
Fankoki na ta huci a bayan ƙarafa,
shayina ya huce tun sha ɗaya,
burodi da fiya na cikin jaka, ban waiwaye su ba.

Adafta ta yi sallama.
Suwic ya ji, ya kau da kai.
Ta ƙirga daƙiƙu, ta sake yi.
Fitilar ƙofa ta sha tara
ta yi kore na ƙiftawar ido,
ta koma ruwan lemo.

Zaren haske na fara tuhuma,
shi ne marainan wayon ɗakin nan, kowa shi yake ɗora wa laifi.
Na zare shi, na goge masa baki,
na auna hasken da ke fita da wanda ke isa:
lafiya lau.
Duk da haka na sauya shi, don kada a ce ban yi ba.
Na ce ko gudu ne bai zo ɗaya ba,
wannan na sha shida, wancan na takwas,
na ɗaure su a taki guda.
Sallama. Kore. Ruwan lemo.

Waya ta yi ƙara, ofishin kwastan ne.
Na ce musu saura kaɗan,
ƙaryar da duk mai gyara ya iya tun yana ɗan koyo.

Sai na bar taɓe-taɓe na zauna a ƙasa,
na buɗe kundin suwic ina bi layi-layi.
Bai ce bai ji ba.
Cewa ya yi: an ƙi.
Duk daƙiƙa ashirin, an ƙi,
tun biyar da minti shida na yamma.

Biyar na yamma!
Na buga wa Baltazar, ya ɗauka da muryar barci:
eh, tsohuwar adaftar ta ƙone,
ya sa sabuwa, ya ga fitila ta kama,
ya ruga ɗauko 'yarsa daga makaranta.

Ashe nan bakin zaren yake.
Kowace adafta da sunanta, harafi da lamba goma sha shida,
ƙofa ta sha tara kuwa an rantsar da ita kan suna ɗaya,
na wadda ke kwance yanzu a kwandon shara,
gefenta baƙi, tana warin ƙuna.
Awa tara ƙofar tana jiran mamaciya,
mai rai na tsaye tana sallama.

Na ɗan daɗe kafin in taɓa madannai.
A can saman tudu, jikin ƙofar gidanmu,
har yau sunan Evaristo ne a ɗan farantin tagulla,
shekara bakwai da binne shi,
Mama kuma duk Lahadi sai ta goge shi da toka.

Na share tsohon suna.
Na rubuta sabo, bibbiyu, ina karantawa a fili.

Sallama.
Kore. Ya tsaya a kore.

Ta bango na ji motar farko ta tashi,
sai ta biyu.
Na ciro burodin, fiyar ta yi baƙi,
na cinye a tsaye.